Wata Takwas ɗin da Na Haɗiye

Fiye da shekara ashirin ina riƙe da wannan magana. Kun san ni da surutu a nan, to yau ga abu guda da na iya yin shiru a kansa.

Kukan tambaye ni yadda malamin Turanci ya koma mai sauraron marasa lafiya da ba su shawara. Nakan ce sha'awa ce. Ba sha'awa ba ce. Tarin fuka ne, da wani mutum mai suna Sule.

Ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba, ina koyarwa a Agege. Duk ɗan Arewan da zai ga likita a unguwarmu, ni ake ɗauka tafinta. Ina son aikin, don a nan kaɗai ake ce mini Oga Ticha.

Sule ɗan dako ne a kasuwar Mile 12, buhunan albasa yake ɗauka. Yayansa, Malam Hadi, ya roƙe ni in raka shi asibiti.

Likitar ta duba hoton ƙirjinsa ta ce tarin fuka ne. Magani wata takwas, kullum. Ko ya ji ya warke sarai kada ya tsaya, in ya tsaya ciwon zai dawo da ƙarfi.

Na dubi Sule. Ɗan ci-rani ne, gona na jiransa a gida. Kuma mu ba ma zabga wa majinyaci magana mai nauyi. Na ce, "Ta ce ciwon ƙirji ne. Ka sha magani, za ka ji sauƙi."

Ya ce, "Shi ke nan, Oga Ticha? Na ga ta daɗe tana magana."

Na ce, "Turanci ne, haka yake da tsawo."

Har dariya muka yi.

Ya ji sauƙin kuwa. Bayan wata biyu ya ajiye magani ya tafi noma. Bayan girbi aka aiko ya rasu. Na je wa Hadi ta'aziyya, na yi addu'a mai tsawo.

Sai tari ya kama ni. Na ce ƙurar alli ce. Na rame, ina farkawa jiƙe da zufa, ina ƙara huda bel. Matata ta ce, "Malam, yaushe alli ya fara sa jini a hankici?"

Gwajin kaki sau uku, sai hoton ƙirji. Babban ƙamus ɗina na sayar na biya. Ya fi amfani a ranar.

Likitar nan dai ce. Ta faɗa mini abin da ta faɗa wa Sule, babu ragi. Ni ba ni da tafintan da zai tausaya mini.

Aka kwantar da ni. Ƙwayoyi kafin karin kumallo, nas na tsaye sai ta ga ka haɗiye. Fitsari ya koma ja, aka ce aikin magani ne. Duk mako a hau sikeli. Wata safiya aka naɗe katifar maƙwabcin gadona, ba wanda ya yi mini bayani. Na ji tsoro.

Amma wanda na fi tsoro shi ne mai zuwa dubiya.

Duk Juma'a Hadi zai hau motar haya ta danfo har biyu ya zo da lemo a leda. "Sannu, Oga Ticha. Kai da ka tsaya wa ƙanena, ai ba zan bar ka ba." Sai ya juya ya yi tari a hannun rigarsa.

Na ce, "Malam Hadi, wannan tarin fa?"

Ya ce, "Ƙurar albasa ce. Asibiti kuma, ba Sule ya je ba? Me ya hana?"

Akwai wata tsohuwar nas, Mama Risi, da ke zama da majinyata. Ta lura in Hadi ya tafi nakan juya wa bango. Ta jawo kujera ta zauna tana jira. Ban taɓa ganin shiru mai naci irin nata ba. Na amayar mata da duk maganar Sule.

Na jira ta ce ba laifina ba ne. Sai ta ce, "Wannan ban sani ba. Na dai san mai tarin yana da rai."

Juma'ar da ta biyo na gaya wa Hadi. Duka. Wannan karon ban rage ba.

Ya daɗe yana kallon ledar lemon.

"Wata takwas ta ce?"

"Takwas."

"Da ya sani da ya zauna. Sule mai jin magana ne."

Ya ajiye lemon ya fita. Bai sake zuwa dubiya ba.

Bayan an sallame ni na je karɓar magani, sai na hango shi a layi da ɗan kwanon gwajin kaki a hannu. Da wani tafintan ya zo.

Na cika wata takwas ɗina, aka ce na warke. Mama Risi ta sa sunana a wani kwas na koyon aikinta a Mushin. Darasin farko: ka saurari abokin zamanka, ka maimaita abin da ya ce, ba ƙari ba ragi. Sau uku ina faɗuwa. Malamar ta ce, "Kai gyara wa mutane magana kake yi." Na ce mata na sani.

Na gode wa Allah. Na gode wa matata da ta ƙi yarda da alli, da Mama Risi, Allah ya ji ƙanta. Allah ya gafarta wa Sule, ya yafe mini.

In tari ya ƙi tafiya, ku je a gwada. In an ba ku magani ku ƙarasa shi, ko kun ji kamar ku yi dambe. In kun raka wani wurin likita, ku faɗa masa duk abin da aka ce, a hankali, amma duka. Jikinsa ne.

Hadi ya cika nasa watannin. Yana nan da ransa, da jikoki. Muna gaisawa a masallaci.

Malam yake ce mini. Bai sake cewa Oga Ticha ba, ni ma ban nema ba.