Ruwan da Na Zuba a Randar Gwaggo

Daga Safana har Batsari ban san wanda ya kai ni iya shirya magana ba. Na taɓa gaya wa 'yan majalisarmu cewa na ga kada a rijiyar masallaci, aka yi kwana uku ba mai jan guga shi kaɗai. Saboda haka ranar da 'yan gidanmu suka zauna neman wanda zai raka Baffa ziyara, ba a yi doguwar shawara ba, kowa ya juyo ya dube ni. Na bugi ƙirji na ce su bar mini shi, zan kai shi Birnin Katsina in dawo da shi bai ji komai ba.

Abin da ba a so ya ji shi ne rasuwar ƙanwarsa. Baffa yayan mahaifina ne, idonsa ya tafi shekara da shekaru, ga hawan jini. Su biyu suka rage a ɗakinsu, shi da Gwaggo, wadda take aure a wani ƙauye tsakanin Wagini da Ruma. Farkon damina mutanen daji suka shiga ƙauyen. Gwaggo tana cikin waɗanda aka binne washegari, sauran suka kwashe 'ya'yansu suka watse. Mu kuwa muka ce wa Baffa waya ce ba ta shiga can, kuma wannan kaɗai ce gaskiya a cikin abin da muka faɗa masa.

Tun yana saurayi yake taka wannan hanyar kowace shekara bayan Mauludi, daga ƙauyenmu kusa da Babban Duhu zuwa kaburburan waliyyai a birni, kwana huɗu. An yi an yi ya hau babur, ya ce da ƙafa malaminsa ya fara kai shi, da ƙafa zai ƙarasa. Kuma tsohuwar hanya zai bi, wadda ta ratsa ta ƙofar Gwaggo.

A da, ayari ne guda, da tuta da bege, ana jin mu kafin a gan mu. A shekarar nan mu bakwai ne, ni ne ƙarami da furfurata. Tutar a naɗe take cikin buhu. Zikirin ma a maƙogwaro ake yin sa. Muna idar da sallar asuba mu kama hanya, Baffa riƙe da bakin sanda, ni riƙe da ɗaya bakin, jarkar ruwa a kafaɗata. Hantsi ya yi mu zauna mu jiƙa gumba, a gutsuri ƙuli-ƙuli. In rana ta take mu nemi inuwa, kowa ya cire takalmi ya duba tafin ƙafarsa. Tawa ta yi bororo har biyar tun ranar farko, amma na ce musu goma sha biyu ne, don a rage mini kaya. Ba wanda ya rage. In aka ji ƙarar babur daga nesa, sai baki ya mutu, mu rabe jikin gero har ta wuce.

Akwai al'adar da ta riƙe wannan hanya tun kafin a haife ni. Kowane ƙauye yana da randa a gindin itace bakin gari, da moda a kai, mata suna cika ta kullum sadaka saboda matafiya. Ranar farko duk randar da muka tarar da ruwanta. Na lura Baffa yakan dafa jikin randar tukuna, ya ce madalla, sannan ya karɓi moda. Na ɗauka lalube ne irin na marar ido.

Rana ta biyu, bayan mun wuce Wagini, aikina ya soma. Ƙauyen farko ba kowa. Ciyawa ta rufe ƙofar masallaci, turmi yana tsaye tsakar wani gida, ruwan sama ya cika shi. Baffa ya tambaya me ya sa garin shiru haka. Na ce ai kaka ce, kowa yana gona, ga su can suna ɗago mana hannu. Ya ɗaga nasa hannun ya mayar wa iska gaisuwa. Na ja shi muka wuce ba mu bi ta randa ba, wai akwai ƙudan zuma a itacen. A ƙauye na gaba da ya yi sallama, sai na juya baya na ƙanƙantar da murya na amsa masa kamar tsohuwa. A majalisa da na yi wannan sai an riƙe ciki don dariya. A nan muryar ta shiga cikin ɗakunan da ba ƙyaure ta dawo mini. Abokan tafiyarmu kowa ya sunkuyar da kai.

Da la'asar muka hango kukar da ke bakin ƙauyen Gwaggo. Randar wurin tata ce, ita ta sa aka gina, ita take cika ta shekara talatin, kuma na san ko me zan ce Baffa ba zai wuce ta ba. Na riga na shirya cewa Gwaggo ta tafi suna Batsari. Saura ruwan. Na miƙa wa wani sandar na ce zan kewaya, na yi gaba da sauri.

Randar tana nan, modar tana rataye. Na zura hannu na kwaso busasshen ganye da yanar gizo. Na juye jarkata duka a ciki. Sai randar ta soma wani tsii a hankali, tana shan ruwan, ƙanshin ƙasa yana tashi. Na waiwaya. Ga dangar gidan Gwaggo ta faɗi, ga kabewar da ta shuka ta hau rufin ɗakinta ta yi 'ya'ya manya, ba mai tsinka. Ban taɓa jin ina son wani ya leƙo ya zage ni ba sai ranar.

Suna isowa na cika moda na tari Baffa da fara'a, ina cewa Gwaggo ba ta nan amma ta bar mana ruwa mai sanyi kamar daga firij. Bai karɓa ba. Ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a jikin randar. Ya daɗe a haka. Ya shafa ta har gindi, ya taɓa ƙasar da take zaune a kai. A lokacin na gane. Randar da ake cikawa kullum tana gumi, jikinta da sanyi, ƙasanta da danshi. Wannan kuwa zafi take kamar tukunyar da aka sauke.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na buɗe baki in kawo zancen suna, ya ƙi fitowa. Na ce, "Farkon damina, Baffa."

Ya tambaya ko an samu an yi mata sutura, na ce an yi. Ya ce in kai shi. Maƙabartar tana bayan gari, sababbin kaburburan a jere, ciyawa ta soma cin su, ban ma san wanne ne nata ba. Na gaya masa haka, ya ce ba komai, duk nasa ne. Ya cire takalmi, ya yi musu sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, ya yi addu'a mai tsawo. Ni idona yana kan jijiyar wuyansa, ina jiran ya faɗi. Bai faɗi ba. Hawaye dai suna bin gemunsa.

Da muka dawo gindin kuka ya karɓi modar ya shanye, ya ce a bar sauran ko wani zai biyo bayanmu. Muka kama hanyar Ruma don kada magariba ta same mu a daji. Mun yi nisa, sai na ji ya ja sandar daga baya.

"Ɗan nan."

"Na'am, Baffa."

"Kai ne aka ce duk gidanmu ba wanda ya kai ka ƙarya? Tsohuwar nan ta ɗazu, da muryar ubanka ta amsa mini. Gobe in za ka cika randa, ka fara jiƙa bayanta."