Gangar Ɗanjuma

Inna Yalwa, kakata ta wajen uba, ba ta yin tatsuniya sai an gama cin tuwo an wanke hannu. A Mainika muke lokacin, a gidanmu na makaɗa, inda ganguna ke rataye a zaure kamar yadda wasu gidaje ke rataye irin masara. Idan damina ta yi nisa sai ta jawo garwashin da ya rage a murhu zuwa ƙofar ɗakinta, ta turbuɗa gyaɗa a toka, mu zagaye ta. Mu bakwai ne ko takwas, amma yau mutum ɗaya nake gani a wurin: Ɗanjuma. Daga Dugabau aka kawo shi yana ɗan shekara tara ya koyi kiɗan noma wurin babana. Tabarma ɗaya muka kwana, akushi ɗaya muka ci, daga baya muka shafe shekara arba'in muna bin bayan manoma da ganga a kafaɗa. Ya rasu a farkon daminar nan. Amana ɗaya ya bar mini, gangarsa, kuma saboda abin da ya faru da ita raina bai huce ba har yau.

Wanda bai taɓa ganin gayya ba, ga yadda take. Mai gona ya tara majiya ƙarfi su yi masa noma rana ɗaya, mu kuma mu bi su a baya da kiɗa. Kowane manomi yana da takensa, wato kiɗan da ke kiran sunansa ba tare da an buɗe baki ba. Idan ka ga mutum ya fara lanƙwasa, sai ka buga masa taken ubansa, nan take ya miƙe ya tsere wa na gabansa. Ɗanjuma ya san taken kowa daga Lakwaya har Kabo, har na waɗanda suka daɗe a kabari. Babana ne ya sassaƙa masa gangar da icen alilliba ranar da ya yaye shi, kuma ban taɓa jin mai irin muryarta ba. Tawa ma, da nake taƙama da ita, in aka jera ta da waccan, ƙwarya ce.

Inna Yalwa ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa ludayi a gefen ƙwarya ta ce ga wata ta ɗauko, wa zai riƙe mata, mu ce mu ne. Wadda ta fi yi mana ita ce ta kwaɗo mai kiran ruwa, har muka gaji da ita. Ni dai na fi son ta dodanni, amma Ɗanjuma ba ya ƙosawa.

Wai a wani gari an yi wani kwaɗo a gindin rijiya. Idan ya yi kuka, hadari ya haɗu. Da mutanen garin suka gane haka, sai kowace shekara su ɗora shi a faifai, su kai shi tsakiyar gona, su yi ta roƙonsa. Kwaɗo ya wuni yana kuka har maƙogwaronsa ya kumbura, ruwa ya sauka, dawa ta yi kai. Amma da zarar an cika rumbu, sai ya zama ƙazami. Kada ya matso kusa da randa, kada yara su taɓa shi, kukansa na hana barci. Haka aka yi ta yi har ya tsufa. Ranar da ya mutu, wani ya sa sanda ya tsokano shi ya wurga bayan danga. Shekarar da ta biyo aka nemi mai kiran ruwa aka rasa. Aka ɗora zakara a faifai, ya yi cara ya tsere. Aka kawo akuya, ta cinye faifan. A nan mukan fashe da dariya, don Inna tana kwaikwayon akuyar da bakinta marar haƙori. Ruwa bai sauka ba, gari ya watse, ƙaya ta tsiro a masussuka.

Wata rana da ta kai ƙarshe, Ɗanjuma yana ɓarar gyaɗa ya ɗago kai ya tambaye ta wa ya koma ya binne kwaɗon. Ta dube shi, ba ta yi dariya ba.

"Kai ɗan Dugabau, ka fiye tambaya. Wa zai binne kwaɗo? Ci gyaɗarka."

Ni a lokacin abin da na ɗauka shi ne butulci ba ya tafiya a banza, duk wanda ya wulaƙanta mai yi masa alheri zai gani a gonarsa. Da wannan na girma, da shi na haƙura da abubuwa da yawa. Na haƙura da a kira mu tun asuba, mu wuni a rana, idan an zo cin abinci a ajiye mana namu nesa da tabarmar manya. Na haƙura da mutumin da ya yi rawa da garma a hannu saboda kiɗanmu, gobe ya gan mu a masallacin Juma'a ya kau da kai.

Ciwon Ɗanjuma bai ɗauki lokaci ba. Na je duba shi a Dugabau kwana huɗu kafin ya cika. Ya rame, muryar ta dushe, amma tsokanar tana nan, don sai da ya ce in daina zama kamar wanda aka ci wa gona. Da zan tafi ya nuna mini gangar a rataye a bango, ya ce in ya riga ni, in ɗauke ta, kada in bar ta a gidan. Ya ce babban ɗansa Nasiru, wanda ke koyarwa a birni, ya daɗe yana jin kunyar ganinta. Na ce ya daina wannan magana, zai tashi. Da na ɗauke ta a ranar, da ba a kai ga haka ba. Amma wa ke ɗaukar kayan mutum yana numfashi?

Ranar jana'iza na sake ganinta ta ƙofar ɗaki, tana nan inda take. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, na danne. A wurinmu ba a yi wa iyalin mamaci maganar kayansa ƙasar kabari ba ta bushe ba. Sai a ce ka zo ta'aziyya da buhu. Na ce wa raina in bari a yi sadakar uku, in ja Nasiru gefe in faɗa masa wasiyyar ubansa cikin mutunci. Kara na yi, kuma yau ba abin da na tsana kamar wannan karar.

Abin da na ji a zaman makoki ma ya isa ya ƙona ran mutum. Wani malami ya yi addu'a, ya dace, mun shafa. Sai ya ƙara da roƙon Allah ya yafe wa mamaci shekarun da ya ɓata yana kaɗe-kaɗe. Wanda ya fi kowa ɗaga murya da amin shi ne Alhaji Barau, babban manomin da bai taɓa yin gayya ba sai da gangar Ɗanjuma. Rumbunansa goma sha biyu, babu wanda gumin abokina bai shiga ba. Yana zaune a kan darduma yana girgiza kai, wai ai mutumin kirki ne, sana'ar ce kawai. Ba wanda ya ce marigayin ya taɓa cin haƙƙin wani, don bai ci ba. Ba wanda ya tuna cewa idan talaka ya kira gayya, Ɗanjuma kan je ya yi masa kiɗa ya dawo da furar da ya sha kaɗai a cikinsa.

Ranar sadakar uku na iso da hantsi. An girka manyan tukwane a filin da ke bayan gida, an fito da tuwon dawa da miyar kuɓewa. Aka ajiye mana kwano ni da wasu dattawa biyu. Ina hango Alhaji Barau a kan dardumarsa, ya riga ya yi nisa a nasa kwanon. Na kai loma biyu, sai iska ta kaɗo hayaƙin wajenmu, na ji ƙaurin fata. Na san ƙaurin gashin akuya da ake babbakawa, wannan ba shi ba ne, na busasshiyar fata ne. Na tashi da miya a hannu na zagaya.

A ƙarƙashin tukunya ta biyu na ga lanƙwasasshen ice, rabinsa ya zama gawayi. A jikinsa akwai wayar da na ɗaure da hannuna shekarar da jaki ya taka gangar a hanyar Gwarzo. An faskara ta gida huɗu. Fatar an yage ta an cusa a wuta, ta ƙudundune.

Ban san lokacin da na sami Nasiru ba. Yana tsaye da farar riga yana gaisawa da baƙi. Na tambaye shi wa ya yi wannan, ya sunkuyar da kai irin na ladabi, wanda ya fi zagi ciwo.

"Baba Isuhu, ni ne. Rufa masa asiri muka yi. Kada ta zame masa nauyi a can."

"Da ita aka saya maka littafin farko," na ce. "Da ita aka ɗinka maka rigar makaranta."

Ya ce ya sani, shi ya sa ya ga gara ta ƙare a abincin sadaka, ko ladan ya kai gare shi. Yana faɗa idonsa na kawo ruwa, kuma na ga da gaske yake. Wannan ya hana ni ɗaga masa hannu. Na wanke yatsuna a buta na hau kekena, ban yi sallama da kowa ba.

Tun ranar nake juya tatsuniyar Inna Yalwa. Ita ɗiyar makaɗi ce, matar makaɗi, uwar makaɗi. Ta ga yadda aka yi da ubanta da mijinta. Ba labarin butulci take ba mu ba, faɗa mana take yi su wane ne mu a idon gari, tun muna ƙanana, don kada abin ya zo mana da mamaki. Fari da watsewar gari kuwa ƙari ta yi, don yara su iya barci. Bana ruwa ya sauka yadda aka daɗe ba a gani ba. Dawar Alhaji Barau ta fi ta kowa tsayi. Ba ƙayar da ta tsiro a ƙofar kowa.

Makon jiya na haɗu da Alhajin a kasuwar Gwarzo, wajen masu garma. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya tambayi gida, ya tambayi haƙuri. Sannan ya ce zai kira gayyar maimai, wato noma na biyu, samarin yanzu ba sa motsi sai da kiɗa, ko zan zo. Ya ce in da hali in aro gangar marigayi, don ita ce ke tayar da su.

Na zare hannuna. Na ce masa ba sai an aro ba, tana wurinsa. Ya ci ta a tuwo ranar sadakar uku, ina kallo har ya nemi ƙari.