Ashatu Mai Ganda da Kalangun Ubanta

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Kware ya san Ashatu mai ganda, kuma yawanci bakinta suka fara sani kafin tukunyarta. Gajera ce mai kaurin dantse, hayaƙin murhu ya rine mata idanu sun yi ja. In ka kuskura ka ce gandarta ta yi tsada, sai ta tambaye ka ko uwarka ce ta babbake fatar ta kankare. Yara na gudunta, manya na kauce mata, amma da la'asar ta yi sai ka ga an cika zauren da kwanoni, kowa na haɗiye zagi don ya sami romo.

Ubanta, Muntari, makaɗin rundawa ne, wato mahautan Sakkwato. Kullum da safe yakan rataya kalangunsa ya nufi kwata. Kowane mahauci yana da takensa, kuma da Muntari ya tsaya a gaban teburin mutum ya matse kalangu a hammata ya kaɗa masa, sai ka ga ƙato ya ɗaga wuƙa sama yana kirari, ya yanko tsoka ya jefa a jakar makaɗi. Da wannan naman aka yi renon Ashatu da ƙanenta Jafar. Ita ba ta ga ƙofar makarantar boko ba, tana tasawa aka haɗa ta da wani mahauci, suka zauna lafiya da faɗa har Allah ya ɗauke shi bai bar mata ɗa ba. Ta dawo gidan ubanta ta kafa murhu.

Mutum biyu Ashatu ke riƙe da su a zuciya, kuma ba ta ɓoyewa. Na farko Ashafa, yaron ubanta. A gidansu ya girma, a akushinsu ya ci, a hannun Muntari ya koyi kiɗa. Da idon tsoho ya mutu ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, sai Ashafa ya sassaƙa nasa kalangu ya ci gaba da zagaya kwata da taken da aka koya masa, yana cika jaka yana wucewa gidansa. Ko ƙashi bai taɓa aiko wa maigidansa ba. Muntari ya rasu yana tambayar ko Ashafa ya leƙo. Wannan abu Ashatu ba ta yafe shi ba, kuma ta ce ko a gaban Allah sai ta tayar da maganar.

Na biyu shi ne Jafar, kuma nasa ya fi ciwo don jini ne. Yaro ya yi karatu da kuɗin kiɗa, ya sami aikin gwamnati, ya hau ya hau har ya gina gida a Arkilla mai dogon gini da ƙofar ƙarfe. Ya auri Maimunat, 'yar gidan malamai. Tun daga nan Ƙofar Kware ta zame masa wurin da ake zuwa da Sallah, a ajiye buhun shinkafa a zaure, a duba agogo. Yaransa kuwa ko hanyar ba su sani ba.

Kalangun yana ɗakin Ashatu, rataye a turke saman gadonta. Mace ba ta kaɗa kalangu, ita ma ba ta taɓa gwadawa ba. Sai dai ta sauke shi ta kakkaɓe, ta murza wa tsirkiyoyin man shanu, ta shafa wurin da hammatar ubanta ta goge icen har ya yi sheƙi, ta mayar. Fatar ta daɗe da bushewa ta tsage. Ashafa ya sha aikowa a sayar masa, 'yan aiken na komawa da gudu, ɗaya ma da shaidar ludayi mai zafi a wuya. Shekara ashirin da wani abu kenan kalangun bai yi ƙara ba.

Daminar bara ce ta kawo ƙarshen zaman. Ruwa ya kwana uku yana jiƙa tsohon gini, da hantsi bangon ɗakinta na gabas ya zauna. Ashatu ta bar tukwane, ta bar akwatin kaya, kalangun ta fara fizgowa ta fito da shi a ƙirji. Maƙwabta suka ba ta rabin ɗaki na wucin gadi. Kwana biyu sai ga Jafar da farar shadda, yana tsallake taɓo kamar zai cije shi.

"Yaya, ki haɗa kayanki," in ji shi. "An share miki ɗaki gidana. Wanga gida ba shi gyaruwa."

Ashatu ta ji wani sanyi a ranta, har ta fara tunanin ko ta zalunci yaron nan da zato. Sai ta ga idonsa ya tsaya a kan abin da ke jingine a bayanta.

"Amma wanga abu ba shi shiga gidana."

"Wane abu?"

"Kin san abin da nika nuhi."

"Hwaɗi sunanai in kai ɗan halas na."

Jafar bai faɗa ba. Ya gyara hula ya ce ta sayar, ko ta bayar, ko ta bar wa gara, duk ɗaya ne a wurinsa. Ya ce yaransa ba su san wannan magana ba, surukansa ma haka, kuma ba ya son su sani.

"To mi kac ce musu kakansu na yi?"

"Dillalin shanu."

Ashatu ta yi wata dariya da ta sa kajin maƙwabta suka watse. "Dillalin shanu! Muntarin da bai taɓa mallakar akuya ba sai wadda anka heɗe ya ɗinke ma ganga! Kai Jahwaru, wandon da kat tahi makaranta da shi, kalangunga yas sai maka shi."

"Na dai hwaɗa miki," in ji Jafar. "Ran Juma'a ki taho, ke da kayanki. Ban da shi."

Ya tafi ya bar ta tana tafasa. Gaskiyar magana ba ta da inda za ta. Gwiwoyinta sun gaji, maƙwabtan da suka ba ta masauki sun fara buga kwanoni da ƙarfi, kuma bakinta bai bar mata wanda zai ce zo ki zauna ba. Ɗakin Arkilla take buƙata. Amma duk lokacin da ta tuna "dillalin shanu" sai ranta ya sake ɓaci. Wato Ashafa ya sace wa tsoho kiɗa yana da rai, shi kuma Jafar ya sace masa suna yana kabari.

Washegari ta naɗe kalangun a tsohon zane ta nufi bayan kwata, inda Ashafa ke da rumfa. Ya tsufa shi ma, gemu ya yi fari, amma har yanzu shi ake kira bikin rundawa da wasan dambe. Yana ganinta ya ja kujerarsa baya.

"Kak ka ga na taho ka ce na yahe maka," ta ce tun kafin ta ƙaraso. "Maci amana kake jiya, maci amana kake yau."

"Ban roƙe ki gahwara ba," in ji Ashafa. "Mi kika so?"

Ta warware zanen. Ashafa ya matso. Ya miƙa hannu ya taɓa icen, ya ja tsirkiya ɗaya, ya dubi tsagaggiyar fatar, sai ransa ya ɓaci.

"Dubi yadda kinka kashe shi da rataya! Kalangun da ba a kaɗawa ai icce na, gara a hura wuta da shi. Nawa kika so?"

"Riƙe kuɗɗinka. Ka ɗinke mai sabuwar hwata. Ran Juma'a in an sauko masallaci, ka taho ƙohwar gidan Jahwaru a Arkilla ka kaɗa taken Baba. Ka hwaɗi sunan ubanai da sana'atai, da ƙarhi, kowa shi jiya."

Ashafa ya dube ta. "Kin san in na rataya shi ba shi komawa hannunki?"

"Na sani."

"Kin san ƙanenki na iya korar ki?"

"Ba shi iyawa gaban mutane. Kunya ba ta barinai."

A nan Ashatu ta yi kuskure, don ta auna Jafar da ma'aunin Ƙofar Kware, inda ko mahaukaci ba ya korar yayarsa ana kallo. Ta juya ta tafi da zane babu komai a ciki, kuma ba ta waiwaya ba don kada tsohon banza ya ga idonta.

Ranar Juma'a mai keke napep ya ɗauko ta da ƙunshin kaya da manyan tukwanenta biyu. Ta san al'adar gidan. Bayan an sauko masallaci Jafar kan shimfiɗa darduma a inuwar ƙofar gida, maƙwabta da abokan aiki su taru a ci abinci. Ranar har da wan matarsa, wani malami mai rawani da ba ya dariya. Jafar ya taso ya leƙa keken, ya ga babu kalangu, fuskarsa ta saki. Har da cewa, "Sannu da hanya, Yaya," ya sa aka fara sauke kaya.

Sai ƙara ta taso daga kwanar layin.

Ashatu ta zaci ta shirya, ashe ba ta shirya ba. Kaɗawar farko ta shige ta tun daga tafin ƙafa. Hannun ubanta ne sak, har da 'yar tsayawar nan da yakan yi kafin ya matse tsirkiya kalangun ya yi kuka. Ta riƙe ƙarfen keken. Daɗi ya kama ta, haushi ya kama ta, don duk duniya babu wanda ya rage da wannan hannu sai ɓarawon da ya sace shi. Hawaye suka zubo, ta goge su da fushi.

Ashafa ya ƙaraso yana taku ɗai-ɗai, yaran unguwa na biye. Ya tsaya daidai bakin dardumar ya buɗe murya.

"Jahwaru ɗan Muntari! Ɗan makaɗin rundawan Ƙohwar Kware! Kalangu yac cishe ka, kalangu yak kai ka boko! Ɗan mai kiɗi ba ya ɓoyuwa, ga taken ubanka!"

Cokula suka tsaya. Malamin nan mai rawani ya ajiye nasa a hankali ya dubi surukinsa. Ta saman ƙofa ana hango kawunan yaran gidan suna leƙe. Jafar ya tsaya kamar an dasa shi.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma a cikin masu cin abincin akwai Alhaji Gambo, maƙwabcinsa, tsohon mai fataucin shanu da ya yi ƙuruciyarsa a kwata. Taken na shiga kunnensa ya manta da ciwon baya, ya miƙe yana rangaji.

"Allahu akbar! Muntari mai kalangu! Ashe kai ɗanai na? Shekara nawa muna zaune ba ka hwaɗi ba!"

Ya zura hannu a aljihu da zuciya ɗaya, ya zaro sabuwar takardar kuɗi, ya manna wa Jafar a goshi kamar yadda ake yi wa makaɗa da 'ya'yansu. Gumi ya riƙe ta. Babban ma'aikacin gwamnati, a ƙofar gidansa, a gaban surukinsa, da liƙi a goshi. Wani daga cikin abokan aikinsa ya kasa daurewa ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari.

Ashatu ta ji ranta ya yi fari tas. Ta ce a zuciyarta, to Baba, yau an faɗi sunanka a Arkilla.

Jafar ya ɓare takardar ya yar. Bai yi ihu ba, kuma wannan ne ya fara ba ta tsoro. Ya shiga ciki da kansa ya ɗauko ƙunshin kayanta da aka riga aka shigar, ya mayar cikin keken. Ya koma ya kinkimo tukwanen, baƙin gindinsu na goge masa shadda, ya ɗora.

"Jahwaru," ta ce. "Gaban mutane?"

"Ke kinka tara su," in ji shi. "Na ba ki ɗaki, kin zaɓi ganga. Ki bi ta."

Ya shige ya ja ƙofar ƙarfen, aka ji sakata ta faɗa. Baƙi suka fara neman takalmansu. Alhaji Gambo ya tsaya yana tambayar ko wani laifi ya yi. Cikin ɗan lokaci dardumar ta zama babu kowa sai kwanonin shinkafa da ƙudaje.

Ashafa ya sassauta kalangun ya gyara maratayinsa a kafaɗa. Ya dubi ƙofar, ya dubi Ashatu.

"Na hwaɗa miki," ya ce. "Balkisu matata na da ɗaki wohi bayan gida. In kina so."

"Allah shi kiyashe ni da kwana gidan ɓarawo."

"Ruwanki."

Ya juya ya kama hanya, kalangun a hammatarsa, yana ɗan taɓa shi da yatsa yana tafiya. Ashatu ta tsaya tana kallon ƙofar ƙanenta ko za a buɗe. Ba a buɗe ba. Ta waiwaya ta hangi bayan Ashafa ya kusa kwana, icen nan mai sheƙi yana lilo a gefensa.

"Inna, ina za mu?" in ji mai keke. "Rana na yi."

Ta tattare zane ta hau da ƙyar, ta zauna tsakanin tukwanenta.

"Bi wancan tsohon maci amana," ta ce. "Kak ka wuce shi, kak kuma ka bari shi ɓace min."