Bangon Gidan Auta

Shekara ashirin da shida yana aikin famfo, kuma Kwana Uku kowa ke ce masa. Taurin kansa ne ya jawo masa sunan. In ya gama shimfiɗa bututu a bango, sai ya cika su da ruwa, ya toshe bakinsu, ya hana magini shafa siminti sai an kwana uku. In akwai mahaɗar da ke yoyo, a nan za ta tona kanta. Magina kan yi masa tsiya, wai ko kaza ba ta kai shi iya kwanci ba. Ba shi da shago, ba shi da allon talla. Baki ne ke kai shi gidaje, wannan ya gaya wa wancan cewa aikinsa ba ya zuba, kuma da wannan shaidar ya ciyar da 'ya'ya biyar.

Matarsa tana da ƙane, Auta, wanda a gidansu ya zauna har ya gama karatu. Allah ya ɗaga shi, ya samu babban muƙami a wani kamfanin kwangila. Kafin shekara ta zagayo ya ajiye tumbi, gaisuwa ta fara yi masa nauyi. Da can Yaya yake ce wa Kwana Uku, yanzu sai dai ya nuna shi da makullin mota. Da ya tashi gina bene ya ba shi aikin famfo, amma yadda ya faɗa sai ka rantse sadaka ya bayar.

Ruwa bai cika kwana ɗaya a bututu ba Auta ya iso da abokai biyu masu ƙamshin turare. Ya ce ogansa zai zo ganin gidan ranar Asabar, don haka yau za a rufe bango a manna tayil. Kwana Uku yana durƙushe a banɗakin sama, hannunsa duk gam, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Haba Auta, ka bari ruwan ya kwana mana."

A gaban baƙi ya faɗi sunan. Fuskar Auta ta canza nan take.

"Wane ne Auta a nan? Kai mai famfo, gidanka ne ko nawa?"

Abokan suka ƙyalƙyale da dariya. Magini, wanda ya san gaskiya sarai, ya sunkuyar da kai ya hau kwaɓa siminti. Kafin la'asar an rufe bangon.

Bayan wata biyu fentin falo ya fara kumbura, sannan silin ya rufto a kan kujeru sababbi. Da aka fasa tayil, mahaɗa ɗaya ce tal ta saki, gyaran minti goma in da an gan ta a kan lokaci. Amma Auta bai ga haka ba. Duk inda ya zauna sai ya ba da labarin yadda ya tausaya wa wani dangin matalauta, shi kuma ya saka masa da bututun jabu. Maganar mai kuɗi kuwa ba ta jiran mota, da ƙafarta take shiga gidaje. Abin takaici, har waɗanda Kwana Uku ya yi wa aiki shekara goma ba ɗigo suka fara gyaɗa kai.

Matarsa ta je ta ga ƙanin nata. Awa biyu ta yi a kan bencin maigadi, aka ce mata yallaɓai yana hutawa. Surukar Kwana Uku kuma ta aiko a gaya masa ya yi wa Allah ya rufa wa yaron asiri, ƙaninsa ne, babba juji ne. Ya haɗiye maganar. Wayarsa da ke ƙara sau biyar a yini ta koma sai ta yi mako shiru.

Rannan wani malamin makaranta ya kira shi canjin kan famfon kicin, aikin da a da almajiran sana'a yake turawa. Yana kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanke, mutumin na tsaye a kansa yana bin hannunsa da ido kamar mai gadin ɓarawo. Can ya yi gyaran murya.

"Ba kai ne ka lalata gidan yallaɓai ba?"

Kwana Uku ya tsaya da sifana a hannu. Bayanin duk yana bakinsa, amma in ya faɗa, kawun 'ya'yansa zai ƙaryata a gaban bare, kuma ba lallai a yarda ba.

"Ni ne," ya ce. "Miƙo min wancan bokitin."