Taɓarya Uku a Turmi Ɗaya

Takur zuwa Kiyawa

Ina sallame sallar asuba na fito, gari bai gama wayewa ba. Malam Idi direba, wanda na yi shatar motarsa, yana ƙofar gidana a unguwar Takur yana jira. Duk wanda ya san ni ya san ba na son shiririta. Na daɗe ina shugabantar makarantar firamare, ko a gidana cokali ma yana da wurin zamansa. Don haka tafiyar nan na tsara ta tsaf: mu ɗauki Gwaggo a Kiyawa, mu kai ta Kafin Hausa, ta yi waƙa, mu dawo kafin magariba.

'Yata Safiya ce sanadi. Tana shekarar ƙarshe a jami'ar da ke Kafin Hausa, aikin kammala karatunta kuma a kan waƙoƙin daka ne, waɗanda mata ke yi a bakin turmi. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ce gwanar da aka sani a yankinsu, sai dai tsufa ya fara taɓa mata tunani. Idan ba a naɗi muryarta bana ba, ba lalle a samu baɗi ba. Ni ce kuma na dage a kai ta ɗakin Safiya, don gidan Kiyawa ga yara, ga awaki, ga injin niƙa a bayan katanga.

Rana na fitowa muka isa. Larai, matar ɗan Gwaggo, ta raɗa mini, "Yaya, yau da sauƙi, ta gane kowa."

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Wa ya mutu kika zo da sassafe haka?"

"Babu kowa, Gwaggo. Jikarki ce ke nemanki."

"To, a ɗauko min goro na. Ba na tafiya baki bushe."

Kiyawa zuwa Jahun

Lokacin kaka ne, duk inda ka duba dammunan gero ne a bakin hanya, amalanken shanu na tafe a hankali ba ruwansu da hon ɗin Malam Idi. Gab da Jahun muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani matashi ya leƙo.

"Hajiya, ina aka nufa?"

Ban buɗe baki ba Gwaggo ta riga ni. "Makaranta za a sa ni, ɗan nan. Ka ga an makara."

Ya yi dariya har ya dafa mota, ya ce Allah ya ba da sa'a. A tashar Jahun muka karya da ƙosai mai zafi da kunun tsamiya. Gwaggo ta ce ƙosan ya yi, amma waken inji ya markaɗa, tana jin ƙarfe a harshenta.

Kafin Hausa

Da hantsi muka shiga gari, 'yan acaɓa da ɗalibai sun cika titi. Safiya na haya a wani ɗaki a cikin unguwa. Ta share shi fes, ta rufe taga, ta kashe fanka don kada ƙara ta shiga, ta ɗora waya a kan filo.

"Kaka, za mu fara da waƙoƙin damina, sai na biki, sai na yabon iyaye. Ɗaya bayan ɗaya. Ki fara daga farko."

"Farko kuma?" in ji Gwaggo. "Waƙar daka tana da farko ne?"

Ta dai gwada. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta buga gwiwa da tafin hannu. Shiru. Aka ba ta ruwa, aka ba ta goro, na jawo mata baitin da na tuna tun ina yarinya, ta dube ni kamar ba ta taɓa jinsa ba. Har azahar ba mu sami ko layi ɗaya ba. Can ta sunkuyar da kai ta ce, "Sun gudu." Safiya ta juya baya tana share hawaye. Wallahi tausayinsu ya kama ni su duka biyun.

Sai kuma maƙwabta suka fara daka, dum-dum, har bango na amsawa. Haba! Raina ya ɓaci. Na yafa mayafi na nufi gidan, da niyyar in roƙe su su ɗan dakata mana.

Ashe bikin suna za su yi washegari. Gida ya kacame: yara na guje-guje, kaji na bin tsaki, rediyo na ta surutu ba mai saurare, wasu mata biyu na gardama kan wa ya ɗauke rariya. Ina cikin gaisawa da matar gidan, ban ma kai ga faɗar abin da ya kawo ni ba, sai na ji murya a bayana.

"Wannan daka kuke yi ko faɗa? Ke, ba ni taɓaryar nan."

Gwaggo ce ta biyo ni, ko takalmi babu. Matar gida ta ce, "Inna, ai ta yi miki nauyi." Ko kallonta ba ta yi ba. Ta tsaya tsakanin mata biyu, ta ƙwanƙwasa bakin turmi, ta ce su bi ta. Nan take lugude ya tashi. Taɓarya uku a turmi ɗaya, wannan na sauka waccan na tashi, babu wadda ta taɓa 'yar'uwarta. Sai murya ta fito, garau:

"Kaza, ki bar min tsakina,
Ba don ke na yi sammako ba.
Ga Malama ta zo hana mu daka,
Ko tuwon takarda za ta ci?"

Gida ya ɗauki shewa, ni kuwa kunya kamar in nutse. Mata suka kama amshi. Duk abin da ya gifta sai ta jefa shi a waƙa: jaririn da ke kuka, rariyar da ta ɓata, har Malam Idi da ya leƙo zaure. Daga nan tsofaffin suka biyo, a cakuɗe, na biki na shiga na damina. Ta yi ta shekarar da rijiyar garinsu ta ƙafe. Ta yi kirarin mahaifina yana saurayi, wanda ban taɓa ji ba, na tsaya ina kuka a gidan mutane. Ni da na ƙare rayuwata ina jera yara a layi, ban taɓa ganin tsari irin na hannuwan nan shida ba.

Safiya na gefe da waya a sama tana naɗa. Da aka sauke taɓare ta ce, "Umma, na samu! Amma duk kukan yara ne da kaji a ciki. Ta yaya zan kasa wannan babi-babi?"

Na ce, "Rubuta shi yadda ya zo, har da kajin."

Komawa

Bayan la'asar muka kamo hanya da ƙullin fura da matar gidan ta ba mu. Gwaggo ta yi barci tun kafin Jahun. Ana kiran magariba muka shiga Kiyawa.

Larai ta tarbe mu. "Inna, an yi waƙar kuwa?"

Gwaggo ta dube ta, ta dube ni. "Ina muka je?"

Na zaunar da ita a tabarma, na kunna mata abin da Safiya ta turo mini. Ta kasa kunne, ƙafarta na bin lugude, tana murmushi. Da ya ƙare ta ce, "Kai, wannan mata ta iya! 'Yar wane gari ce?"

"'Yar garin nan ce, Gwaggo."

"To, in kin gan ta ki gaishe min da ita."

Na iso Takur bayan isha'i lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa Malam Idi, na gode wa matan gidan nan da ban ko tambayi sunayensu ba. Gaisuwar Gwaggo kuwa har yau tana wurina, ban san wa zan kai wa ba.