Ƙwayar da Baffa ya zuba a kwata

Shekara tara ke nan da aka tsamo gawar Yaya Sabi'u daga tafkin Nguru, kuma har yau idan dangi suka taru sai ka ji ana cewa ciwonsa ne ya kai shi. Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya, kuma wannan magana ba ta taɓa shiga kunnena ba.

Yaya tela ne a bakin kasuwa, kusa da layin masu busasshen kifi. Ya yi fama da taɓin hankali tun yana saurayi, har aka dace da wani likita a Gashuwa, inda nake koyarwa, ya ɗora shi a kan allurar wata-wata. Hankali ya dawo, amma allurar ta zo da nata: wuya ya sanƙare, harshe ya yi nauyi, hannu na karkarwa, ƙafa ta ƙi taka keken ɗinki. Likita ya ce aikin allurar ne, ya haɗa masa da wata 'yar farar ƙwaya mai sassauta jiki, ya gargaɗe shi kada ya wuce ƙima, kada kuma ya yanke ta kwatsam. Ita ma tana da halinta, tana busar da baki, ido ya riƙa gani dishi-dishi. Yaya yakan yi dariya ya ce shi ne telan da ke neman kafar allura kamar mai duban wata. Amma ya koma kan kekensa, ya ci guminsa.

Sai Alhaji Baffa, ƙanen mahaifinmu, mai rumbunan hatsi, wanda ke ji da sunan gidanmu kamar shi ya ɗauko shi a ka daga Haɗeja. A majalisa ya ji cewa wannan ƙwayar ce samari ke afawa a bayan tsohuwar tashar jirgi su yi mankas. Ba ƙarya ba ne, wasu masu kemis sun mayar da ita kamar gyaɗa. To amma jarumin namu bai tunkari mai kemis ko ɗaya ba. Shagon Yaya, marayan wansa, ya nufa, da rana tsaka, a gaban masu jiran ɗinki.

"Miƙo abin nan, Sabi'u. Ba a gidanmu ba."

"Baffa, likita ne ya rubuta."

"Likitan ne ake nunawa da baki a majalisa?"

Ya juye ta a kwata, ya bi masu kemis na unguwa ya ja musu kunne kada su sayar masa. Yaya mutum ne da ba ya haɗa ido da babba. Cikin 'yan kwanaki jiki ya ɗaure, wuya ya karkace, yawu na zuba a kan yadin mutane. Baffan da ya jawo abin shi ne ya fara cewa iska ce, ya kira mai ruƙiyya, aka yi ta turara bawan Allah da hayaƙi. Kafin labari ya iske ni in taho da magani, Yaya ya riga ya ƙi karɓar allurar watan.

"Ƙanena," ya ce mini, "da wannan ɗaurin gara haukan. Shi aƙalla ba na sanin ana kallona."

Na yi lallashi har na gaji. Ciwon ya dawo, a daminar shekarar ya fita bai komo ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Nguru ta yau. 'Yan maye na samun ƙwayar ba wahala, mai riƙe da rubutun likita shi ake yi wa kallon ɓarawo. Masu majalisa na nan da carbinsu suna yanke hukunci a kan maganin da ko sunansa ba su iya faɗa ba. Raini nake ji, ba na ɓoyewa.

Da kuma zai ga Baffa. Bara hannunsa ya fara rawa, har shayi ba ya kaiwa baki. Likita ya ce ciwon karkarwa ne, ya rubuta magunguna, a ciki har da 'yar farar ƙwayar, kaɗan, don takan rikita tsofaffi. Baffa ya sa mata suna maganin jijiya. Ni yake aika in sayo a Gashuwa, don kada masu kemis na Nguru su sani. Sunan gida dai, har yanzu.

Ina sayowa. Ba don ya cancanta ba, don na ga yadda jiki ke zama idan an hana shi.

Yaya bai bar gida ko ɗa ba. Ya bar keke a zaure da ɗinkin da ya ƙi mutuwa. Jamfar da Baffa ke zaman gida da ita aikin Yaya ce, kuma sai ƙwayar ta kama jikinsa yake iya sa maɓallanta. Allah ya jiƙan Yaya. Duk wata idan na miƙa wa Baffa ƙunshin, nakan ce, "Ga shi, Baffa, likita ne ya rubuta."

Har yau bai ɗago ya dube ni ba.