Minti Ɗayan Da Barira Ba Ta Ƙirga Ba

Wata rana, a wani gari mai sanyin tsiya a ƙasar Kanada, aka ajiye wa wata mata takardu biyu a ofishin wata makarantar koyon aikin jinya, aka ce ta zaɓi ɗaya.

Sunanta Barira. Shekara goma sha huɗu ta yi tana aikin nas a wani babban asibiti a Arewa kafin ta bi mijinta can. Kar ma ku tambaye ni wane asibiti ne, ba faɗa zan yi ba.

To, can ba ruwansu da "Sista" ɗin da ake kiranki a gida. Sai sun sake auna ki tukuna su bari ki taɓa musu mara lafiya.

Takarda ta farko gajeriyar hanya ce. A yi miki gwaji a ga aikin hannunki, in kin ci ki yi kwas na wata huɗu, shi ke nan. Ta biyu kuwa shekara biyu ce cur: ki koma aji da yaran da kika kusa haifarsu, ki yi ta zagayen ɗakunan marasa lafiya, malama na tsaye a kanki.

Mijinta Nafi'u ya ce wannan ai ba abin tunani ba ne. Kuma da gaskiyarsa. Sun bar 'yarsu Nabila, mai shekara tara, a Funtua wurin kakarta, da alkawarin za a ɗauko ta da zarar uwar ta kama aiki. Duk kiran waya tambayar yarinyar ɗaya ce, yaushe.

Barira ta sa hannu a ta farko.

Amma akwai abin da ko mijin bai sani ba.

A asibitin da ta baro, nas ɗaya kan riƙe gado talatin da wani abu. Kowane gado da katinsa, kuma doka ta ce bayan kowace awa huɗu a auna zafin jiki da bugun jini a rubuta. Ina lokacin yake? Sai aka samo dabara. In an kusa tashi, ki ja kujera ki tara katunan, ki dubi lambar safe, ki ɗan ƙara biyu ko ki rage biyu. Suna ce masa cike kati. Wadda ta koya wa Barira ma ba muguwa ba ce, wallahi, gajiya ce ta yi mata yawa.

Ranar wata Laraba, wajen ƙarfe ɗaya na rana, Barira na wucewa da sauri da tiren allura, wata tsohuwa a gado na tara ta kamo gefen rigarta. Inna Kulu ake ce mata, kwana biyu da yi mata aiki a ciki. Ta miƙo hannu, ta ce 'yar nan ta ɗan taɓa ta ta ji, jikin ba daidai yake ba.

Barira ta ce tana zuwa.

Ba ta zo ba. Ƙarfe biyu saura ta cike kati, ta rubuta wa gado na tara bugun jini saba'in da takwas, ta miƙa aiki ta tafi gida.

Kafin la'asar Inna Kulu ta cika. Jini ne yake zuba ta ciki tun hantsi. Da an riƙe hannun nan minti ɗaya, da an ji yadda jijiyar ke gudu.

Likita ya duba kati, ya ga komai lafiya lau, ya ce abin farat ɗaya ya zo. 'Ya'yanta suka ce kwana ne ya ƙare, har godiya suka yi wa ma'aikata. Babu wanda ya tuhumi Barira, ko da da kallo.

Wannan shi ya fi ci mata rai. Shekara shida ke nan, in dai za ta ɗauki biro sai ta ji kamar an ja gefen rigarta.

Ranar gwaji ta zo. Aka shigar da ita wani ɗaki tsaf-tsaf, gado ɗaya tak, da wani dattijon Bature da aka ɗauko ya yi kamar mara lafiya. Mai gwajin na gefe da takardarta.

Barira ta gaishe shi, ta wanke hannu, ta ɗora yatsu a wuyan hannunsa, ta kafa wa agogo ido. Komai yadda littafi ya ce. Ta saki hannun, ta rubuta saba'in da takwas.

Sai da ta fito waje, iska ta buge ta, sannan ta gane.

Ba ta ƙirga ba.

Yatsun suna wurin, idon yana kan agogo, amma ko bugu ɗaya ba ta lissafa ba. Hannun ne ya rubuta abin da ya saba. Gado ɗaya fa, jama'a. Ba talatin ba, ba gaggawa, ba mai kiranta. Ta tsaya a tashar bas tana kallon hannunta kamar na wani, tsoro ya rufe ta.

Bayan mako guda aka kira ta ofishin nan. Malamar da ta ba ta takardun, wata mai furfura, ta tarbe ta da fara'a.

"Kin ci. Wata huɗu kawai ya rage miki."

"Ban ƙirga bugun jinin mutumin nan ba. Cankar lambar na yi."

Malamar ta duba takarda. "Amma lambarki ta yi daidai da tamu."

"Akwai wadda na taɓa rubuta wa wannan lambar. Ita ma kowa ya ce ta yi daidai."

Barira ta jawo takarda ta biyu ta sa hannu. Ta ce ba ilimin ne ba ta da shi ba, so take a tsaya a kanta har sai hannun nan ya daina ƙarya.

Nafi'u ya yi kwana uku ba ya cin abincinta da daɗin rai, sai da ta zaunar da shi ta ba shi labarin gado na tara. Mai wuyar ita ce Nabila. Da uwar ta gaya mata sai an ƙara haƙuri, yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ce to, ta miƙa wa kakarta wayar. Barira ce ta yi kukan, ta yi shi sosai.

Yanzu tana shekararta ta biyu. Yaran ajin suna tsokanarta, wai Anti ta fi kowa nawa a awo, don ita ba ta yarda da ƙirga rabin minti a ninka. Sai ta cika sittin. Biro kuwa yana aljihu, ba ya fitowa sai ta gama.

Kar ku ɗauka Inna Kulu ta tafi. Ba ta tafi ba. Duk hannun da Barira ta riƙe, tana jin tsohuwar a gefenta.

Sai dai ta daina jan rigar. Tsayawa take yi, ta jira a gama ƙirgawa.

Darasi:

In za ka zaɓi hanyar karatu, kar ka tsaya a kan wace ce ta fi sauri. Takardar shaida ta san shekarun da ka yi kana aiki, amma ba ta san abin da hannunka ya saba yi in ba mai kallo ba. Wannan kai kaɗai ka sani. Wanda hannunsa ke da gaskiya ya bi gajeriyar hanya, Allah ya ba da sa'a. Wanda kuma ya san akwai gyara, ya je ya gyara tun kafin a sake miƙo masa hannun uwar wani.

Ku tura wa duk ma'aikacin jinyar da kuka sani, na gida da na waje. Wataƙila yau akwai mai shirin jan kujera ya cike kati.